Akuyata da Karen Yayana

Yayana bai taɓa shiga soja ba, amma duk layinmu Sajan ake ce masa, saboda tafiyarsa da kuma yadda yake goge takalmi ko da shagon bakin titi za shi sayen sabulu. Shekara ashirin da shida ya yi a wani kamfanin tsaro yana riƙon karnuka. Shi ke ba su abinci, shi ke wanke kejinsu, shi ke horar da su, sannan ya ɗauki ɗaya a sarƙa su yi ta zagaya manyan ɗakunan ajiyar kaya har wani ya zo ya karɓe shi. Ya taɓa aure sau ɗaya. Matar ta yi shekara uku, ta ce ta gaji da mijin da ya fi yi wa kare magana a kan mutum, ta kwashe kayanta. Ban ga laifinta ba. Ni ma da mijina ya rasu na dawo gidan da iyayenmu suka bar mana, da keken ɗinkina da akuyata, na tarar da mutumin da in ka ce masa ina kwana zai ce lafiya, kuma hirar yinin ke nan.

Gidan ɗaki biyu ne da kicin, da tsakar gida ta siminti wadda duk ta tsattsage, sai wani ɗan fili daga baya inda na kafa wa akuyata turke. Ja nake ce mata, don ja ce. Tun tana ƙarama nake kiwonta, ta san ƙarar kekena, in na daina ɗinki sai ta fara kira don ta san dusa ta kusa.

Kamfanin su Yaya ba ya sa wa kare suna, lamba ake ba shi. Karensa na ƙarshe shi ne Bakwai, wani ƙato mai baƙin baya da kunnuwa a tsaye. A dokarsu, in kare ya tsufa ba ya iya gudu, likita ake kira ya yi masa allurar da ba ya tashi. Shekarar da aka sallami Yaya daga aiki, Bakwai na cikin waɗanda aka ware. Yaya ya je ofis ya sa hannu a wata takarda, ya dawo gida da jakar kayansa a kafaɗa da kare a sarƙa.

Na yi faɗa ranar har muryata ta dishe. Na ce mutane in sun bar aiki agogo suke kawowa gida ko fanka, shi ya kwaso mana abin da zai cinye mu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Auta, ba zai taɓa kayanki ba." Haka kuwa aka yi. Na ware kwanukana, na nuna iyakar da ban yarda karen ya tsallake ba, kuma shekara biyu bai tsallake ba ko sau ɗaya. Ja tana iya wucewa ta gaban hancinsa, ko kallonta ba ya yi. Duk da haka ba na son shi, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

A shekara ta uku Bakwai ya fara barin abinci. Sai ya shinshina kwano ya koma ya kwanta. Ruwa kuwa ya yi ta sha kamar ba gobe, sannan ya amayar. Cikin wata guda ana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga ƙofar kicin. Yaya ya kai shi asibitin dabbobi, ya dawo da kwalbar ƙwayoyi da buhun wani abinci na musamman da takarda. Idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ni na karanta masa. Likitar ta rubuta cewa ƙodar karen ta fara gajiya, a ba shi ƙwaya safe da yamma ba fashi. A ƙasa ta ƙara cewa in ya ƙi cin abincin, ana iya zuba masa rabin kofi na nonon akuya a kai, don wasu karnukan cikinsu ya fi karɓarsa a kan na saniya, kuma yana jawo musu sha'awar ci. Ta ja layi a ƙarƙashin jimla ta ƙarshe: ƙari ne kawai, ba abinci ba ne, ba kuma magani ba ne.

Na karanta masa duka, da layin da komai. Amma tun da na ambaci nonon akuya na ga idonsa ya tafi bayan ɗaki, inda Ja ke tsaye da ɗanta. Sati biyu ke nan da haihuwarta, ɗa guda, baƙi mai farin goshi, wanda ba ya iya tafiya sai da tsalle.

Da sassafe ya zo ƙofar ɗakina riƙe da kofin silba. Tun muna yara ban taɓa jin Yaya ya roƙi wani abu a hannun kowa ba.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Ki sam min rabin kofi."

"Nonon akuyata? A ba kare?"

"Rabin kofi kawai."

Na ce Allah ya kyauta, na ce duniya ta zo ƙarshe, na ce abin da duk ya zo bakina, amma na karɓi kofin. Na wanke hantsar Ja da ruwan ɗumi na tatsa, ɗanta na ta tunkuɗar hannuna. Yaya ya zuba a kan abincin ya ajiye. Bakwai ya ɗago kai, ya ja jiki, ya lasa sau ɗaya, sai ya miƙe tsaye ya cinye kwanon tas, ya bi gefen da harshe. Kwana biyar rabonsa da abinci. Na juya na ga Yaya yana dariya, haƙoransa duk a waje, har na tsorata don ban san fuskarsa na iya yin haka ba.

Daga nan abin ya fara wuce gona da iri. Rabin kofi ya zama kofi, kofi ya zama safe da yamma. Ƙwayoyin kuwa Bakwai ya tsane su, ko an ɓoye a cikin nama sai ya tofar, in an danna masa ta dole ya amayar har da abincin. Yaya ya ga nono na zama a ciki, ƙwaya ba ta zama, sai ya yanke hukunci shi kaɗai. Na ga kwalbar a kan taga ba ta raguwa, na yi masa magana.

"Likita fa ta ja layi, Yaya."

"Likita ba ta kwana da shi. Ga magani nan a jikin Ja, kina gani da idonki."

Gaskiya ina gani. Karen ya ɗan yi kumari, yana fita bakin ƙofa, har ya yi wa mai gyaran famfo haushi. Sai na ƙyale shi, don ba karena ba ne.

Matsalar ita ce Ja ba wata babbar akuya ba ce. Abin da ke hantsarta na ɗanta ne da ɗan ragowa. In ɗan ya riga mu, sai mu sami abin da bai kai rabin kofi ba. Na lura Yaya ya fara tsayawa yana kallon ɗan akuyan in yana tsotso, yana taɓe baki. Wata rana ya ce a wurin aikinsu kwikwiyo na cika sati huɗu ake raba shi da uwarsa, a jiƙa masa abinci a kwano, kuma ya raini sun fi ɗari a haka, babu wanda ya mutu. Na ce masa akuya ba karya ba ce, ɗan akuya sai ya yi wata uku yana sha kafin cikinsa ya iya riƙe wani abu. Ya ce to. Yaya in ya ce to, ya ji ne kawai, ba yarda ya yi ba, kuma na san haka sarai.

A satin ne aka yi wa 'yata aiki a asibiti, dole na tafi na zauna da ita. Kafin na fita na koya masa tatsa, na nuna masa yadda zai riƙe, na ce ya bar ɗan ya sha ya ƙoshi tukuna. Kwana biyar na yi.

Ranar da na dawo, tun daga bakin layi na ji kukan Ja, amma ba muryar da na sani ba, wata busasshiya ce kamar ana jan ƙarfe a ƙasa. Na shiga na tarar Yaya ya haɗa keji da waya da katako a tsakar gida, mai kyau, kusurwa huɗu daidai, an share an wanke. A jikin bango ya manna takarda ya rubuta lokutan ciyarwa da manyan baƙaƙe. A cikin kejin akwai kwanon ruwa, da kwanon abincin kare da aka jiƙa da gutsattsarin burodi. Ɗan akuyan na kwance a gefe, cikinsa ya kumbura ya yi tauri, bayansa duk zawo ya bushe.

"Jiya ya ci," in ji Yaya. "Yau ne ya ɗan yi sanyi. Haka suke yi kwanakin farko."

Na buɗe kejin. Na ɗauki ɗan na kai shi gun uwarsa, na sa masa nono a baki, na matsa. Nonon ya bi gefen bakinsa ya zube. Ja na ta lasarsa tana tura shi da hanci ya tashi. Washegari da hantsi ya mutu a kan cinyata.

Ba mugunta ya yi ba, na sani. Ya yi wa ɗan akuyan duk abin da ya iya, da tsabta da tsari, irin yadda aka koya masa. Amma a lokacin ko a jikina. Na kalle shi na ce, "Kai da karenka, ko ɗigo ba za ku ƙara gani ba."

Ban ma buƙaci hana shi ba, Ja ta hana shi da kanta. Da ya matso sai ta yi harbi ta zauna a kan hantsarta, in ya ɗaure ta ya matsa, ba abin da ke fita. Akuyar da ta rasa ɗa takan riƙe nononta. Ni kaɗai ce da zan iya lallaɓa ta, da ruwan ɗumi da shafa da 'yar magana, kuma na san in aka bar ta kwanaki ba a tatsa ba nonon zai ƙafe. Na sani na bar ta. Na zauna a kan kekena na yi ta ɗinki, ina jin sa yana fama a baya, ban ɗaga kai ba.

Bakwai ya koma ƙin abinci tun rana ta biyu. Yaya ya dama masa madarar gari, ta sa shi zawo. Ya bi unguwa gida-gida yana neman mai akuya mai shayarwa, ya sami mutum biyu, dukansu da suka ji kare za a ba suka ce ba su da shi. Ya je can cikin gari ya samo na gwangwani mai hoton akuya a jiki. Karen ya shinshina ya kau da kai.

Akwai wani tsohon mahauci a maƙwabtanmu, shi Yaya ya kai wa gawar ɗan akuyan ranar da ya mutu. Tsohon ya feɗe ya ba shi fatar, ya ce ya sa mata gishiri, in uwar ta riƙe nono a ɗinke fatar a cusa mata wani abu a ajiye a gabanta, wani lokaci in ta ji warin ɗanta takan saki. Fatar na rataye a kan igiyar shanya ina ganinta kullum, da farin goshin da komai. Yaya bai ce min in ɗinka ba. Bai ƙara roƙona komai ba.

Ran kwana na bakwai na fito da safe na same shi zaune a kan bokiti, fatar a kan gwiwarsa, yana ƙoƙarin zura zare a allura. Yatsunsa manya ne, idonsa ba ya gani. Ya lashi zaren ya gwada, ya kuskure, ya sake lasa. Bakwai na kwance a gefen ƙafarsa, numfashinsa na wani irin wari, idonsa a kan Yaya. Na daɗe a tsaye. Sannan na je na fizge allurar.

"Ba da wannan ake ɗinka fata ba. Matsa."

Na ɗauko babbar allura da zare mai kauri. Shekara talatin ina ɗinki, na yi kayan jarirai, na yi likkafani, ban taɓa yin aikin da ya yi min nauyi irin wannan ba. Fatar ta yi tauri, sai da na jiƙa ta. Na cusa mata ƙyallayen da suka rage a ƙarƙashin kekena, na sa ƙananan sanduna a ƙafafun don abin ya tsaya. Wuyan ya ƙi miƙewa, kan ya karkace gefe guda. Na kai shi na ajiye a gaban Ja.

Ta ja da baya tukuna. Sannan ta matso ta shinshina tun daga wutsiya har kai, ta fara lasar goshin, tana wannan ƙaramin gurnanin da uwa ke yi wa ɗanta. Na durƙusa na kama hantsar ina kuka, ban damu Yaya ya gani ba. Nonon ya zo, amma kaɗan, mai kauri, ya ɗan yi rawaya, da ƙyar ya rufe gindin kofin. Bakwai ya lashe, bayan ɗan lokaci ya amayar. Washegari abin da na samu bai kai cokali uku ba. Rana ta uku na matsa har Ja ta yi ƙara, babu komai. Na makara da kwana shida, kuma ni na zaɓi makarar. Ita kuwa Ja ta ci gaba da lasar abin, in na zo ɗauka ta sa min ƙaho.

Karen ya daina tashi ko don fitsari. Yaya ya tare mota uku don kai shi asibitin dabbobi, ba wanda ya yarda ya ɗauka. Ya aro baro, ya shimfiɗa bargonsa a ciki, ya ɗora Bakwai. Na sa mayafina na bi shi, bai ce in zo ba, bai ce in koma ba. Tafiyar ta fi awa guda a cikin rana, tayar baron na ƙara, mutane na kallonmu.

Ɗakin likitar ƙarami ne, farin tayil, da tebur na ƙarfe a tsakiya da warin maganin wanke ƙasa. Ita kanta ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Ta duba bakin karen, ta ja fatar wuyansa ta ga ba ta koma ba, ta ɗebi jini ta fita. Da ta dawo ta tambayi Yaya ƙwaya nawa suka rage a kwalbar. Ya kalli karen. Ni na ce kusan duka. Ta cire tabarau ta murza ido, ba ta yi faɗa ba, ni kuwa da ta yi da ya fi min sauƙi.

Na kasa haƙuri na ce, "Likita, da nonon bai yanke ba fa?"

"Da ya ƙara masa 'yan kwanaki yana cin abinci, Mama. Ƙwayoyin ne da sun ba shi watanni." Ta juya ga Yaya. "Baba, ƙodar ta tsaya. Abin da ya rage masa wahala ce kawai. Ka san abin da ya kamata."

Ya sani, ya sha riƙe karnukan kamfani ana yi musu. Ya gyaɗa kai.

Da ta matso da allurar, karen da ya kwana uku bai ɗaga kai ba ya yunƙura, ya bankaɗe leɓe, ya yi wani gurnani daga can cikin ƙirji. Likitar ta ja baya ta ce a kawo takunkumi.

"A'a," in ji Yaya. "Ba a taɓa sa masa ba."

Ya koma gaban teburin ya tsaya, ya haɗe ƙafafu, ya miƙe bayansa. Sai na ji wata murya ta fito daga bakinsa wadda ban taɓa ji a gida ba, gajeriya, mai kaifi.

"Bakwai! Kwanta. Tsaya nan."

Gurnanin ya ɗauke. Karen ya miƙe ƙafafunsa na gaba, ya ɗora haɓa a kai, ya kafe Yaya da ido. Likitar ta aske ɗan gashi a ƙafar, ta nemi jijiya har sau biyu, ko motsi bai yi ba. Ta tura ruwan a hankali. Na ga haƙarƙarin na ɗagawa yana sauka, yana ɗagawa yana sauka, sannan bai ƙara ɗagawa ba. Ta sa abin sauraro a ƙirjinsa, ta cire, ta ce an gama.

Yaya bai motsa ba. Yana nan tsaye ƙiƙam, hannuwa a gefe. Likitar ta wanke hannu, ta rubuta abin da za ta rubuta, ta kalle ni. A waje wata mata na jira da kyanwa a kwando.

Na taɓa hannunsa. "Yaya, ta ce an gama."

"Ban sallame shi ba."

"Me?"

"In ka ce wa kare ya tsaya, ba ya tashi sai ka sallame shi. Akwai kalmar da ake faɗa. In ba ka faɗa ba yana nan yana jira."

"To ka faɗa mana."

Ya buɗe baki. Na ga maƙogwaronsa ya motsa, ba abin da ya fito. Ya haɗiye ya sake gwadawa, har sau uku. Idon karen na buɗe, yana kallon daidai inda yake tsaye.

Na ce, "Gaya min kalmar, ni in faɗa masa."

Ya girgiza kai. "Ba zai ji taki ba."

Likitar ta ce mu yi haƙuri, tana buƙatar teburin. Na kama gefen bargon, Yaya ya kama ɗaya gefen, muka naɗe shi muka mayar da shi cikin baron, bai sallame shi ba.